Tafiyar da Muka Kira Neman Magani

Ni mace ce mai son kowane abu ya bi layinsa. A shagona na kasuwar Adawlato atamfa mai tsada tana sama, mai araha tana ƙasa, kuma ba na buɗe ƙofa sai na share gabanta. Karatuna bai yi nisa ba, a firamare na tsaya lokacin da mahaifiyata ta buƙaci mai taya ta zaman kasuwa. Amma na san abin da ke zuwa farko da abin da ke bin sa. Saboda haka zan faɗi wannan al'amari yadda ya faru, ɗaya bayan ɗaya.

Da idon maigidana aka fara.

Malam ya yi aikinsa a tashar jiragen ruwa ta Lome har ya ajiye, yana duba kayan da ake saukewa daga jirgi. Mutum ne mai sanyin hali da yawan barkwanci, kuma bai iya ce wa kowa a'a ba. Bayan ya bar aiki sai muka lura yana ture kofi idan an ajiye shi a gefensa. Yana buga kafaɗa a ƙyauren ɗaki. Wata rana ɗan zemijan, masu ɗaukar mutane a babur, ya kusa kwashe shi a bakin titin unguwarmu ta Zongo, shi kuma ya rantse bai ga zuwansa ba. Muka ce tsufa ne. 'Yar autarmu, wadda ta yi makarantar Faransanci kuma take aiki a wani ofis a Agbalépédo, ita ce ta ƙi yarda. Ta kai shi wurin likitan ido a Djidjolé, ni ma na bi su.

Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce hawan jinin ido ne, yana cin gani daga gefe zuwa tsakiya. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Abin da ya rage ana iya riƙe shi da maganin ɗigawa, safe da yamma, ba fashi. Ko da maganin ganin zai ci gaba da raguwa, amma a hankali. Idan aka daina, da sauri zai tafi. Na sa ya maimaita wannan na ƙarshe, na kuma maimaita masa da bakina don in tabbata na ji daidai.

Sai bayan wasu kwanaki, da safe, muna shan koko a tsakar gida, Malam ya ajiye ludayi ya ce, “Kwamanda, ina da buƙata.”

Haka yake kirana tun muna da ƙuruciya, wai gidan nan bariki ne ni ce shugabarsa.

Na ce, “Faɗi, Malam.”

Ya ce duk shekarun da ya yi a bakin teku, saman ruwa kawai ya sani. Tekun Lome ba ya nuna cikinsa. Ruwa ne mai fushi, launin toka, yana dukan yashi, kuma mu mutanen Zongo ba ma shigarsa. Iyakarmu mu tsaya nesa ranar Sallah, yara su sayi kwakwa mu dawo. Amma wani ma'aikacin jirgi ɗan Ghana ya taɓa ba shi labarin wani ƙauyen masunta can yamma, gaba da Takoradi, inda kwalta take ƙarewa. A wurin duwatsu sun yi layi a cikin teku kamar katanga. Igiyar ruwa tana karyewa a kansu, ruwan da ke ta ciki ya kwanta lamo, garau har ƙasa. Mutum yana tsaye ruwa iya ƙugunsa, ya sa gilashi a fuska ya sunkuya, sai ya ga kifaye masu launi suna yawo a tsakanin duwatsu.

“Ina so in ga wannan kafin ƙofar ta rufe,” in ji shi. “Ni da ke kawai.”

Na ce, “Ni da kai da wa?”

“Da kifi.”

Ban yi dariya ba, domin na tsaya ina lissafi a zuciyata. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa kwana ni da shi kaɗai a ƙarƙashin rufi ɗaya ba. Da farko akwai mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta. Bayan ta akwai yara, da 'ya'yan 'yan uwa da ake kawowa riƙo, da baƙin da suke sauka daga Kano ko Kumasi ko Yamai su yi wata. Ko aikin Hajji da muka je, ni ina ɗakin mata shi yana na maza. Na dube shi yana juya kai gaba ɗaya don ya nemo fuskata, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Na ce to, za mu je.

Da autar ta ji sai ta yi tsalle ta ce, “Papa, mais c'est romantique!”

Na ce ta yi mana Hausa ko ta yi shiru. Ta ce wannan kalmar, ta irin soyayyar Turawa, ba ta san ta da Hausa ba, don ba ta taɓa ganin abin a Zongo ba. Ubanta ya yi dariya har ya ƙware. Ita ce ta nemo wurin a wayarta ta nuna mana hotonsa mai motsi. Malam ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, yana matsar da ita hagu da dama har ta faɗo cikin ɗan filin da ya rage masa. Ya ce, “Ga shuɗi can. Ga wani mai zane kamar atamfarki ta sama.” Ya miƙa mata wayar ya ce ya isa, sauran da idonsa zai gani.

Daga nan na ɗauki shirin a hannuna, kuma na yi shi yadda ya kamata.

Na fara da lokaci. Autar ta kira matar da take da masaukin baƙi a ƙauyen, 'yan ɗakunan katako ne a bakin ruwa, matar ta ce kada mu zo da damina don ruwan yana gurɓacewa, mu zo kafin saukar ruwan sama. Hakan ya faɗo bayan ƙaramar Sallah. Sai takardu: katin shaida na kowannenmu da katin allurar da ake tambaya a iyakar Ghana ta Aflawo. Na Malam ya daina aiki, na bi layi da shi har aka sabunta. Sai hanya: mu ƙetare iyaka da ƙafa da sassafe, mota zuwa Accra, wata zuwa Takoradi, daga nan ƙaramar mota. Sai shago: na yi magana da maƙwabciyata a kasuwa za ta riƙe mini shi. Sai abinci: matar ta ce kifi ne da doya da kom, wato tuwon masara mai tsami, ba ta sa komai na haram a tukunyarta, kuma za ta nuna mana gabas. Sai maganin ido: na sayi kwalba biyu a farmasi, na ɗinka musu 'yar jaka da zan rataya a wuyana.

Na ɗinka wa kaina doguwar riga mai kauri da wando har idon sawu, wanda ko ya jiƙe ba zai manne ba. Telar ta tambaye ni na mene ne, na ce na aikin gida ne. Malam ya sa na gwada masa a ɗaki. Ya ja baya har bango don ya gan ni gaba ɗaya, ya ce, “Kifayen ne za su fito kallonki.” Na ce ya ji kunyar furfurarsa. Amma ban cire rigar da wuri ba.

Abu ɗaya na sa a ƙarshen layi, shi ne sallama. A Zongo mutum ba ya tashi ya tafi haka kawai. Sai ya bi manya ya yi sallama, ya faɗi inda za shi da abin da zai kai shi. Kuma dalilan tafiya a wurinmu sanannu ne: kasuwanci, biki, gaisuwar mutuwa, ziyarar dangi, karatu, neman magani. Babu wani a bayan waɗannan. Dattijo mai jikoki ya ce zai ɗauki matarsa su je su kwana a masaukin baƙi su shiga ruwa, wannan aikin yovo ne, wato Turawa, kuma za a yi ta maganarsa har a wurin jana'izarsa. Na ce wa Malam sallama sai ana gobe tafiya, a tsaitsaye, lokacin da babu wanda zai iya tsara mana wani abu. Autar ta ce mu faɗi gaskiya kawai, hutu za mu je, wa zai kama mu? Uban ya ce, “Ke an haife ki a Lome. Ni a Zongo aka haife ni.”

Ana cikin azumi maganar ta fita. Wani ya gan mu a layin sabunta kati, ya kai wa yayan Malam.

Dole in faɗi ko wane ne wannan yaya. Shi ne babban gidansu, dillalin shanu, shi ya riƙe Malam bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya sa shi makaranta, shi ya nema masa aurena. Malam bai taɓa zama a kujera ba idan Yaya yana kan tabarma. Ba mugun mutum ba ne. Ina so a riƙe wannan, domin da mugu ne da abin ya fi mini sauƙi.

Bayan sallar la'asar, a ƙofar masallaci, a gaban mutane, Yaya ya ce masa, “Na ji kana sabunta kati. Ina aka nufa?”

Malam ya ce Ghana.

“Lafiya?”

A nan Malam ya duba cikin dalilan da aka yarda da su, ya ɗauki wanda ya fi kusa da shi. Ya ce neman maganin ido ne.

Da ya dawo gida ya gaya mini, har yana jin daɗin dabararsa. Ya ce, “Kin ga, ban ma yi ƙarya sosai ba. Ai kallon ma magani ne.” Ni kuwa na ajiye wuƙar da nake yanka kuɓewa da ita. Na ce, “Malam, marar lafiya ba shi da iko da tafiyarsa.” Ya ce ina cika tsoro.

Abin da ya biyo baya ya zo a jere, kuma na san kowane kafin ya iso.

Washegari maƙwabta suka fara shigowa dubiya. Mutumin da jiya yake zuwa masallaci da ƙafarsa, yau an shimfiɗa masa tabarma a zaure ana ce masa sannu. Mata suka aiko da kunu da ƙosai na buɗa baki. Ranar Juma'a liman ya ambace shi a cikin addu'a, ya ce ɗan'uwanmu zai fita neman magani, Allah ya sa a dace, jama'a suka amsa da amin. Aka tara gudummawa aka kawo a ƙulle cikin hankici. Malam ya karɓa da hannu biyu. Da suka fita ya ajiye ta a kan gado, ya zauna nesa da ita.

Sai Yaya ya zo da kansa. Na kawo masa ruwan alwala na koma bakin ƙofa na durƙusa.

Ya ce ya yi tunani. Na farko, ba a barin marar lafiya ya yi tafiya da mace kaɗai alhali yana da 'yan uwa maza a raye, mutane za su ce an yar da shi. Shi zai raka shi. Na biyu, Ghana ba ta da abin da Lome ba ta da shi, duk maganin Bature ne. Amma akwai wani mai magani a arewa, a wani ƙauye gaba da Sokode, wanda ya gaji aikin ido daga kakanninsa. Wani abokin cinikinsa ya je da sanda ya dawo yana karanta Alƙur'ani. Can za a je. Na uku, ni in zauna in kula da gida da shago.

Malam ya ce, “Yaya, dama mun riga mun yi magana da mutanen Ghana ɗin.”

“Wane asibiti ne?”

Malam ya ce sunan ya ɓace masa.

“Ka gani? Ko sunansa ba ka riƙe ba. Kai tun kana yaro haka kake, sai an tsara maka.” Ya juyo wajena. “Ko ba haka ba, Hajiya? Ke ce shaida.”

Na ce, “Haka ne, Yaya.” Matar ƙane ba ta da wata amsa. Amma na ƙara da cewa likita ya ce maganin ɗigawa ba a fashinsa ko na rana ɗaya, in an daina idon zai tafi. Ya ce ai ba wanda ya ce a daina, a sa shi a jaka.

Da ya tafi na rufe ƙofa na ce wa Malam ya tashi ya bi shi ya faɗa masa gaskiya.

Ya ce, “In ce me? In ce liman ya ɗaga hannu a kan mumbari don in je in yi wanka da matata? In ce wa matar mai gyaran takalmi kunun da ta aiko na yawon shan iska ne?”

“Ka ce masa shi kaɗai. Yayanka ne.”

“Don yayana ne ba zan iya ba.”

Na ce to ni zan je. Ya ce idan na je ba zan dawo in same shi ba, zai bar unguwar. Bai taɓa yi mini magana irin wannan ba. Autar ta ce ita za ta je, ba ta jin tsoron kowa. Ya ce mata idan ta buɗe baki bai yafe ba. Daga baya, da ya huce, ya kama hannuna ya ce in yi haƙuri. Ya ce arewa ba nisa, zai je ya sha abin da za a ba shi don a fita hakkin jama'a, ya dawo cikin 'yan kwanaki. Sai mu tafi namu a ɓoye, mu ce biki ne a Accra. Ruwan sama bai sauka ba tukuna, akwai lokaci.

Na sake tsara komai a kan wannan. Na sa autar ta kira matar masaukin ta ce mun ɗaga kaɗan. Na gaya wa maƙwabciyata a kasuwa ta dakata. Bayan Sallah na raka su tashar mota. Jakar da na ɗinka don wuyana na rataya masa a nasa wuyan, na cusa ta cikin riga. Na ce, “Safe da yamma.” Ya sara mini kamar soja ya ce, “An ji, Kwamanda.” Yaya ya ce mu bar wasa mota za ta tashi.

'Yan kwanakin suka wuce. Mai maganin ya ce ciwon ya daɗe, sai an yi zama. Ƙauyen ba shi da layin waya sai an hau wani tudu, kuma wayar tana hannun Yaya. Idan sun kira, Yaya ne yake fara magana, ya ce ana samun sauƙi, ana wanke idon da ruwan saiwa, ana turare, ana shan rubutu. Sannan ya miƙa wa Malam.

Na ce, “Malam, kana ɗiga maganin?”

Ya ce, “Yaya na nan kusa, yana gaishe ki.”

Na sake tambaya a kira na gaba. Ya ce, “Yaya shago?”

A kira na uku na tambayi Yaya kai tsaye. Ya ce mai maganin ya ce ba a haɗa nasa da na asibiti, ɗaya yana kashe ɗaya, don haka shi Yaya ya karɓi kwalaben ya adana su, ba abin da zai same su. Na ce, “Yaya, don girman Allah.” Ya ce, “Hajiya, ki yi addu'a. Ni ma ƙanena ne, na riga ki saninsa.” Layin ya yanke, ko an yanke shi.

Na shirya zan bi su. Sai na gane ban san sunan ƙauyen ba. Na je gidan Yaya, matarsa ba ta sani ba. Na nemi abokin cinikin da aka ce ya warke, aka ce ya tafi sayen shanu Burkina. Autar ta ɗauki izini a wurin aiki ta hau mota har Sokode, ta yi tambaya a tasha da kasuwa, aka nuna mata masu maganin ido har uku a ƙauyuka dabam dabam, babu wanda yake nasu. Ta dawo ta zauna a tsakar gida da takalmanta a ƙafa tana kuka da Faransanci. Ban hana ta ba.

Ruwan sama ya sauka. Zongo ta cika da ruwa kamar yadda take yi kowace shekara, muka ɗora buhuna a kan benci, muna tsallaka lungu a kan bulo. Ina zuwa shago ina dawowa. Ina share gaban ƙofa kafin in buɗe. Masu saye suna tambayar jikin maigida, ina cewa da sauƙi. Matar masaukin ta aiko wa autar saƙo tana tambaya ko har yanzu muna tafe, ta ce yanzu ruwan ya yi duhu, sai dai bayan damina. Na ce a amsa mata da cewa muna tafe.

Sun dawo ana gab da babbar Sallah, saboda Yaya yana da cinikin dabbobi da ba zai bari ya wuce shi ba. Da rana tsaka suka iso. Ina tsaye a tasha na ga Yaya ya fito daga mota, sannan Malam ya fito a bayansa, hannunsa a kan kafaɗar Yaya. Ya rame. Idanunsa sun yi ja. Na zo na tsaya a gabansa sosai, inda a da nake tsayawa don ya same ni. Na ce, “Sannu da zuwa, Malam.” Ya amsa yana murmushi, fuskarsa tana kallon wata mai sayar da burodi da ke gefena.

Yaya ya ciro jakar daga aljihunsa ya ba ni. Ya ce ga amanarki, ko ɗigo bai zube ba.

Washegari muka koma Djidjolé. Likitan ya haska fitilarsa a ido ɗaya, ya haska a ɗayan, ya daɗe. Bai yi faɗa ba. Ya tambaya tun yaushe aka daina, aka gaya masa. Ya ce na dama ya tafi gaba ɗaya. Na hagu yana bambanta haske da duhu, shi ke nan. Ya ce a ci gaba da ɗigawa don kada idon ya yi ciwo. Na tambaye shi ko akwai aikin da za a yi, a nan ko a wata ƙasa. Ya ce, “Madam, na gaya miki tun farko.” Na ce haka ne, ya gaya mini.

Na bar Malam ya huta har damina ta ɗauke. Wata safiya bayan na ɗiga masa maganin na ce, “An ce ruwan ya washe. Katinmu yana nan. Mu tafi.”

Ya ce, “In je in yi me?”

“Ka shiga ruwan. Zan riƙe ka. Ni zan sa gilashin in gaya maka abin da nake gani, ɗaya bayan ɗaya, ba zan tsallake ko guda ba.”

“Na san ba za ki tsallake ba.”

“To?”

“Labari ai ina da shi tun da daɗewa. Ba labari na nema ba.”

Na ce ko ba don kifin ba, akwai ɗayan. Ni da shi kawai, ba baƙo, ba mai sallama a ƙofa. Sannan ya ce, “Hajiya, so nake in ga fuskarki lokacin da kika ɗago daga ruwan. Ke da ba kya mamakin komai. Wannan na so in gani, kifin na biyu ne.” Ya lalubi bango ya tashi. Ya ce kada in sake tayar da maganar, kuma in sa yarinyar ta gaya wa matar nan ta ba wasu ɗakin.

Tun daga ranar Hajiya yake kirana, kamar kowa.

Yaya yana zuwa duk Juma'a bayan masallaci, ba ya fashi. Yana kawo nama, wani lokaci da kuɗin cefane. Ya tsufa shi ma a cikin wannan shekarar, na ga da hannu biyu yake ɗaukar kofin ruwa. Zuwansa na baya ya zauna a kan tabarma, Malam ya sauko daga kujera yana lalube ya zauna a ƙasa kusa da shi. Yaya ya ce, “Alhamdu lillahi, mun yi iya ƙoƙarinmu. Duk Zongo ba wanda zai ce mun zauna mun zuba maka ido. Abin da Allah ya rubuta ne.”

Malam ya ce, “Haka ne, Yaya. Allah ya saka da alheri.”

“Hajiya ma ta yi ƙoƙari. Ta riƙe gida.”

Na ce, “Na gode, Yaya.” Na ɗauke kofin na kai madafa, na wanke shi, na kife shi a inda yake zama.

Da na dawo Yaya ya tafi. Malam yana zaune inda aka bar shi, ya ɗaga fuska sama wajen tsakar gida. Ya ce, “Hajiya, hadari ne ya taso, ko magariba ce ta yi?”

Na duba sama. Babu gajimare ko ɗaya. Na ce masa ko la'asar ba a kira ba.